Zakarun Ɗumi

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe 10 na safe

Misis Tollefson ta kira daga North Dakota tun ban ajiye jakata ba. Shekara talatin tana sayen 'yan tsaki a wurinmu, tun zamanin da ake aiko da oda cikin ambulan. Ta ce ta je gidan waya ta karɓi kwalinta, ta buɗe a cikin mota, guda biyar ne kamar yadda ta saya, kuma duka biyar ɗin sun sandare. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Marlys, ina zakarun ɗumin? Ko kun daina sa su ne?" Na ce mata zan duba.

Ina ajiye wayar ta sake ƙara.

Laraba, ƙarfe 4 na yamma

Kira goma sha tara.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, tsakar rana

Kwali ɗari biyu da sha huɗu muka kai gidan waya ranar Litinin. Sittin da ɗaya ƙananan oda ne, kuma duk sun tafi ba zakarun ɗumi. Na daina ƙirga waɗanda suka mutu.

Arlen ya shigo ofishina da takalmansa duk dusar ƙanƙara, ya tsaya a kaina. Ƙanena ne, ni na koya masa ɗaure igiyar takalmi, amma shi Baba ya bar wa kujerar kamfanin, don haka shi ke tsayawa a kan mutane. Ya ce, "Yaya, ta yaya aka yi haka?" Ba ya ce mini Yaya sai yana neman wani abu ko yana jin tsoro.

Ka'idar Baba ce, ta girme mu duka. Ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe yau zai iya kwana biyu a hanya ba ci ba sha, amma sanyi ba ya ɗaga masa ƙafa. In oda ba ta kai goma sha biyar ba, sai a cika kwalin da 'yan zakaru kyauta, su ɗumama juna har su isa. To shagon intanet ɗin da muke haya ina ya san wannan? Don masu sayar da riga da takalmi aka gina shi. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ni na zauna na lanƙwasa shi da hannuna, ba wanda ya koya mini. Akwai wani gurbi na "kyauta ga mai saye", irin wanda masu riguna ke ba da hula. Na mayar da zakaru su ne kyautar. Duk ƙaramar oda da za ta tafi jihar sanyi, takardarta za ta fito da layi a ƙasa: zakarun ɗumi, guda kaza. Masu shirya kwali su bi takarda, shi ke nan.

Ranar Litinin layin bai fito ba. Na gaya wa Arlen ina bincike.

Ya ce, "Ko layi bai fito ba, Lupe makauniya ce? Shekararta goma sha tara a teburin shirya kwali!"

Lupe ta zo bakin ƙofata ranar Litinin da safe. Ina kan waya a lokacin.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, ƙarfe 5 na yamma

Wata ta kawo biskit mai siffar zuciya ta ajiye a ɗakin shan kofi. Ba wanda ya taɓa.

Arlen ya ce wa Lupe ta je gida ta huta har a gama bincike. A gabana ya faɗa. Shi ɗin nan ne fa a watan Janairu ya tara mata masu shirya kwali ya ce duk wadda ta ƙara sa zakaran da ba ya kan takarda za ta gamu da shi, saboda wata mata a birnin da aka hana kiwon zakaru ta zage shi a waya. Yau kuma shi ke tambayar me ya sa ba a sa abin da ba ya kan takarda ba. Allah ya ba shi baki, bai ba shi tunawa ba.

Lupe ta cire rigar aikinta, ta ninke ta sau huɗu, ta ɗora a kan tebur. Ta dube ni. Na ce ina da kira, na koma ofis.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan coci

Labari ya riga ni zuwa coci. Wajen shan kofi kowa sai "Sannu fa, Marlys, ya aka ji da wannan abu?" da murya ƙasa-ƙasa, ido kuwa yana ƙyalli.

Na biya gidan tsofaffi wurin Baba. Yau ya gane ni. Ya tambayi ko an juya ƙwai, na ce injin ne ke juyawa yanzu, Baba, shekara arba'in ke nan. Ya jawo hannun mai jinya ya ce mata, "Wannan ita ce ƙwaƙwalwar gidanmu." Ƙwaƙwalwa. To madalla. Da aka zo rabon kujera ai ba ƙwaƙwalwa aka duba ba. Na ɓare masa lemo, ya ci rabi, barci ya ɗauke shi.

Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe 2 na rana

Ranar ƙyanƙyasa. Na bi takardun ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ina rubuta zakarun da hannu. Yatsuna sun ƙage.

Arlen ya ɗauko wata ƙwararriya daga Des Moines, wai za ta duba shagon daga sama har ƙasa. Bai yi shawara da ni ba, sanar da ni ya yi, yana tauna cingam.

Laraba, 19 ga Fabrairu, ƙarfe 6 na yamma

Sunanta Tessa. Ba za ta wuce talatin ba, da jar hular ulu da gorar ruwa mai girman tulu. Na shirya tsanarta tun daga gida, sai ta zo da ladabi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ta jawo kujera kusa da ni, ta buɗe kwamfutarta, ta fara tambaya. Me ya sa gurbin launi yake cike da kwanan wata? Na ce ranakun ƙyanƙyasa ne, shagon ba shi da gurbinsu, ina kike so in sa su? Gurbin lambar takalmi fa? Na ce nan ne mace, namiji, ko gauraye. Ta rubuta. Ta ce, "Wane ne wannan kwastoman mai suna Kada A Goge? Ya yi oda dubu huɗu, bai taɓa karɓar ko ɗaya ba." Na ce shi ke riƙe mana ƙwan da ba mu tabbatar za su ƙyanƙyashe ba, don kada a sayar da abin da babu. In kika goge shi, a mako guda za mu sayar da kajin da ko uwarsu ba a haifa ba.

Ta yi dariya, ba ta raini ba, ta ce, "Gaskiya kina da kai." Sannan ta ce, "A ina aka rubuta duk wannan?"

Na nuna mata goshina.

Faci take kiran dabarun nan nawa, kamar na tayar keke. Zuwa yamma ta ƙirga ashirin da uku, wani a kan wani. Ta ce akwai manhajar da aka yi musamman don masu ƙyanƙyasa, shekara shida ke nan da fitowarta. Na sani. Ni na jefa takardar tallarta a kwandon shara, sau biyu.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, safe

Kofin Lupe yana nan a kan kanta, mai hoton tsuntsu. Wata ta wanke shi ta kife.

Litinin, 24 ga Fabrairu, ƙarfe 3 na rana

Arlen ya yanke hukunci. Ya ce kwastomomi suna so su ji an ɗauki mataki, kuma ba zai iya ce musu kwamfuta ce ba, kwamfuta ba ta da wuyan da za a kama. Ya ce in buga takardar sallamar Lupe, tunda ni na iya tsara magana.

Na ce, "Arlen, ka bari yarinyar nan ta gama bincikenta mana."

Ya ce, "Kina da wani abin da za ki gaya mini ne?"

Na buga takardar. Layi bakwai. Har na gyara masa wani waƙafi.

Talata, 25 ga Fabrairu

Ba abin rubutawa.

Laraba, 26 ga Fabrairu, ƙarfe 5 da rabi na yamma

Tessa ta jira kowa ya fita cin abinci, ta tura ƙofa, ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. Saƙonnin imel shida ne daga masu shagon, na farko tun watan Agusta. Duk magana ɗaya: za a rufe tsohon gurbin kyauta ranar 9 ga Fabrairu, duk mai amfani da shi ya nemi wata hanya. Ta ce, "Duka shidan an buɗe su." Ba ta ce wa ya buɗe ba. Mutum ɗaya ke da kalmar sirrin akwatin.

To, na karanta su. Me aka yi? Saƙo nawa irin wannan na gani a shekara goma sha ɗaya, kuma wanne ne ya gagare ni? Ranar Asabar kafin a rufe na zo ofis ni kaɗai, na ɗora wani facin a kan tsohon, na ga kamar ya zauna. Ban gwada shi da oda ta gaske ba saboda yamma ta yi, hanya kuma ta fara santsi. Da na gaya wa Arlen tun Agusta, abin da zai yi ke nan, ya ɗauko mai jar hula, ta ƙirga mini faci ashirin da uku, ta kawo manhajar da ko jikar Arlen za ta iya sarrafawa. Daga nan ni kuma in zama wa? Tsohuwa mai amsa waya.

Ban gaya wa Tessa wannan ba. Ce mata na yi ta sha ruwanta.

Ta ce ranar Laraba mai zuwa za ta miƙa wa Arlen rahoto, kuma ba za ta ɓoye komai ba, ba za ta ƙara komai ba. Ta ce, "Na ga ya fi kyau ki fara sani." Sannu uwar kirki.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, tsakar rana

Lupe ta zo bakin ƙofata waccan Litinin ɗin da kwalayen suka tafi. Takardu a hannunta. Ta ce, "Mis Marlys, takardun yau…"

Ba a kan waya nake ba.

Lahadi, 2 ga Maris, ƙarfe 11 na safe

Ban je coci ba. Na goge firji, na wanke labule, na jera gwangwanayen da ke cikin kabad bisa tsayi.

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Ta ce, "Mis Marlys, takardun yau, babu…" Ban bari ta ƙarasa ba. Na san in na saurara zan ji abin da ba na so in ji, ga mata shida sababbin ɗauka a bayanta sun zuba kunne. Na ce, "Lupe, abin da takarda ta ce shi za ki yi. Kin ji abin da Arlen ya faɗa a Janairu. Ke da kwali, ni da kwamfuta, kowa ya tsaya a aikinsa." Ta ɗan tsaya. Ta ce, "To." Ta juya.

Na rubuta, kuma ban huta ba.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe 4 na yamma

Tessa ta zo da wata sabuwa, wai abu ɗaya ya ɗaure mata kai. Ta ce facin zakarun ba ranar 9 ga Fabrairu ya fara mutuwa ba. Shekara uku ke nan, tun wani sabuntawa da aka yi, duk odar da aka yi ta wayar hannu layin ba ya fitowa a takardarta. Fiye da rabin odarmu ke nan. Ta ce, "Amma na duba koke-koken shekara ukun, ba wanda ya ce kwalinsa ya zo ba zakaru. Ta yaya?"

Na ce ta sake dubawa, ta yi kuskure. Abina yana aiki lafiya lau kafin su taɓa shi.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe 9 na safe

Na riga rahoton. Ba don jarumta ba, don kada in ji shi daga bakin 'yar Des Moines ne.

Na same shi a ɗakin injuna yana duba zafi. Na faɗa masa duka a tsaye, saƙonni shida, ranar Asabar, bakin ƙofa. Injuna suna ta gunji, sai da na ɗaga murya, kamar mai tallar laifinta a kasuwa.

Ya gama duba zafin injin da ke gabansa. Sannan ya ce, "Kuma kika zauna kika buga takardar."

Na ce, "Kai ka sa ni."

"Na tambaye ki, Marlys! Na ce kina da abin da za ki gaya mini?"

Na ce masa shekara talatin da huɗu ina riƙe da gidan nan ta ƙarƙashi, shi yana ɗaukar hoto da kaji a kalanda. Na ce da Baba ya yi adalci da ban tsaya ina tara sirri don kada a share ni ba. Duk gaskiya ne, kuma ko ɗaya bai dawo da ɗan tsako guda ba. Ya ce in ba Tessa kalmomin sirrin kafin tsakar rana. Bai kore ni ba, wai ni jininsa ce. Ya ce teburin kwali ba shi da shugaba, in ina so. Sabo da kaza dai ba ya hana yanka ta.

Alhamis, 6 ga Maris

Kalmar sirri goma sha huɗu. A takarda ɗaya suka shige, har da sauran fili.

Asabar, 8 ga Maris, ƙarfe 3 na rana

Arlen ya kira Lupe sau uku, ba ta ɗauka ba. Na ce ni zan je.

Shekara goma sha tara, ban taɓa sanin ƙofar gidanta shuɗiya ba ce. Na kai mata burodin ayaba, don ba na iya zuwa hannu rabbana. Ta karɓa, ta zaunar da ni a kicin, ta zuba mini kofi mai kirfa. Ta samu aiki a kamfanin ƙwai na garin gaba, tun makon jiya. Tafiyar minti arba'in, tsayuwar awa goma.

Na ce mata Arlen ya san komai yanzu, aikinta yana nan, ta dawo ranar Litinin. Na ce ta yafe mini. Da ƙyar ya fito, amma ya fito.

Ta ce, "Na san ke kika buga takardar. Arlen bai san inda ake sa waƙafi ba."

Na ce me ya sa ba ta gaya masa ta zo ta tambaye ni ba?

Ta ce, "Jira nake ki faɗa. Kwana goma ina jira, sai ga takarda." Ta juya cokali a kofinta. "Ranar nan da kika ce in bi takarda, na ɗauka kin san wani abin da ban sani ba. Ko an sa wani abin ɗumi a motar, ko wani sabon tsari. Kullum haka kike nunawa, Mis Marlys, kamar akwai abin da kika sani. Na rufe kwalayen nan da hannuna ina jin kukansu. Wannan nawa ne, ni zan ɗauka. Amma ba zan sake tsayawa a bakin ƙofarki ba."

Ta rako ni har mota, ta ce in yi hankali da matakala, akwai santsi. Da ta zage ni da na fi samun abin riƙewa.

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe 1 na rana

Sabon shagon ba zai fara aiki ba sai Afrilu. Tessa tana zaune a kujerata, ta matsar da tukunyar furena zuwa taga, kuma abin haushi ya fi kyau a can.

Ƙarfe shida na tsaya a gurbin Lupe. Rigar aikinta tana nan a ninke, ban taɓa ta ba, na ɗauko wata. Ina neman abin yanka salatif na sa hannu a ƙarƙashin teburin, sai na ji kati manne da katako. Na ɓamɓaro shi. Ya yi laushi don tsufa, an sake manna shi ya fi sau goma. Rubutun Lupe ne, da Sifaniyanci. Sunayen jihohi na iya karantawa, da lambobi a gabansu. Montana, Minnesota, Dakota duka biyu, ashirin ta rubuta, ba sha biyar ba. A kusurwa akwai kwanan wata, shekara uku da suka wuce.

Na kira Marisol, wadda ta fi daɗewa cikin matan, na ce ta karanta mini. Ta dubi katin, ta dubi sauran, ta ce, "Ba komai ba ne, Mis Marlys, na aiki ne kawai." Na ce ki karanta.

Ta ce, "Sama an rubuta: in takarda ta manta da zakaru, ku cika da wannan lissafin."

Na ce layin ƙasa fa, wanda aka ja wa layi biyu?

Sai da na sake tambaya. Ta ce, "An rubuta: kada a gaya wa Mis Marlys. Ta sha wahala a kan kwamfutar nan, ranta zai ɓaci."

'Yan tsaki dubu tara suna ta kuka a ɗakin, ba wanda ya ji ko na yi wani sauti. Na mayar da katin inda yake, na danna salatif ɗin da babban yatsa. Kwalin farko na Montana ne, guda huɗu. Na ƙirga zakaru goma sha shida.